An Sare Mana Tsamiya Da Sunan Korar Aljanu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi kukan abin da ya same mu a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, ko wasu za su farga kafin ya iso musu.

Muna da wata tsamiya a bakin tsohuwar rijiya, wadda sai mutum uku sun haɗa hannu suke zagaye gindinta. Muna yara kakata takan hana mu bi ta ƙarƙashinta da tsakar rana ko da almuru, wai mutanen ɓoye na shan inuwa. Ko ruwan zafi za ka zubar a wajen, sai ka yi bisimilla. A da can 'yan bori sun riƙa zuba wa Inna, ɗaya daga cikin iskokinsu, nono a saiwarta, har liman da dagaci suka hana, aka daina tun ban yi aure ba. Wannan tsoron ne ma ya kare ta, don babu mai kusantar ta da gatari. Duk kunun tsamiyar da muke buɗe baki da shi da azumi daga jikinta yake.

Da bazarar bana 'yan mata huɗu suka yanke jiki suka faɗi a makaranta, har da jikata. Sai aka ɗauko wani mai duba daga nesa, da carbi mai dubu da faifan yashi. Ya zana ƙasa, ya share, ya sake zanawa, ya lumshe ido. Ya ce yana da rauhanai, kuma akwai mala'ikan da ke raɗa masa magana a kunnen dama. Wai wani babba daga Jangare, birnin iskoki, ya tare a tsamiyar da iyalansa, in ba a kayar da ita ba sai 'yan matan garin sun ƙare. Aka yi karo-karo aka ba shi naira dubu 80 da baƙin bunsuru. Kwana biyu inji na kuka. A na uku motar mai gawayi ta zo ta kwashe itacen, kuma da idona na ga mai duban da mai gawayin a teburin mai shayi ranar kasuwa suna ta dariya.

Kada a ce na musanta aljanu. Sura ta 72 a Alƙur'ani sunansu ta ɗauka, imani da mala'iku kuwa rukuni ne. Abin da na ƙi shi ne a ce sun san gaibu, har wani ya riƙa sayar da shi. A duba Suratu Saba'i, aya ta 14: Annabi Sulaimanu (AS) ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu na ta aikin wahala ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Waɗanda suka kasa gane mutuwar wanda ke gabansu, su ne za su san abin da ke kan jikata? Mala'iku kuma, a Suratu Maryam aya ta 64 an gaya mana ba sa sauka sai da umarnin Ubangiji. Ba yaran gidan kowa ba ne da za a aike su da kuɗin bunsuru. Hadisin Muslim ma ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa kwana 40. Na faɗi wannan a ƙofar masallaci, aka ce tsohon malamin boko ya fara.

Wani ya kawo mini hujja da Tsumburbura, iskar da mutanen Kano na da suka bauta wa a wata bishiya, da bokanta Barbushe na Dutsen Dala. Na ce masa waccan bauta mata ake yi, tamu kuwa tsaminta kawai muke sha.

Mun taɓa ganin irin wannan. Cutar da ke shanye ƙafar yara, har yau shan-inna muke ce mata, don an ɗauka Inna ce ke tsotse ƙafar. Ashe ƙwayar cuta ce, ɗigon rigakafi a baki ya kore ta, har a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ainihin nau'inta.

Bayan an kayar da tsamiyar jikata ta sake faɗuwa sau biyu, har ta ciji harshe. Na kai ta asibiti, likita ya ce farfaɗiya ce, ya ɗora ta kan ƙwaya kullum. Muna tofa mata Falaƙi da Nasi safe da yamma, tana shan maganinta, yau wata huɗu ke nan lafiya lau.

Ina roƙon hakimai da malaman gandun daji su hana a taɓa tsohuwar bishiya kan maganar mai duba. Na dasa tsamiya uku a gurbin waccan, awaki sun cinye biyu, ɗayar na kewaye ta da ƙaya. Mutumin kuma na ji ya dawo makon jiya, an gan shi yana zagaya kukar da ke bayan maƙabarta.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.