A riƙa gwada mannewar sabuwar kwalta kafin a biya ɗan kwangila

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana kan siririyar kwaltar nan, mai kaurin milimita 20 zuwa 40, da ake shimfiɗawa a kan tsohon titi a Legas. Damina ɗaya sai ka ga ta ɗago kamar ƙanzo a gindin tukunya, tsohuwar kwaltar na nan ƙasa lafiya lau. Jama'a su ce an ci kuɗin kaya. Sau tari kayan ba su da laifi, shimfiɗun biyu ne ba su kama juna ba.

Alamar ba ta ɓuya. A duba inda motocin haya na danfo ke taka birki, kamar Mile 12 ko Oshodi, da inda tirela ke juya kai a hanyar Apapa: tsagewa ce mai lanƙwasa irin ta jinjirin wata, taya ta tura saman gaba, ƙasan bai bi ba.

Abin da ke riƙe shimfiɗun biyu shi ne ruwan kwaltar da ake fesawa kafin shimfiɗa. Bayan ruwan ya bushe, ana son kwaltar da ta rage ta kai kusan gram 200 zuwa 400 a kowace murabba'in mita, a ƙara idan an kankare titin da inji. A nan ɓarnar take. Ba a share ƙura da yashi ba, ko titin da danshi, ko an yi yayyafi da gwangwani mai huji maimakon motar feshi, ko an zuba kwalta tun ruwan yana ja-ja bai koma baƙi ba. Tayoyin tifa ma kan kwashe shi daidai inda motoci za su bi. Idan kuma aka cika shi, shi kansa ya zama santsi. Auna feshin ba wuya: a ajiye faranti da aka san nauyinsa da faɗinsa a kan titi, motar ta wuce, a sake aunawa.

Gwajin mannewar kansa iri uku ne. Akwai na Leutner, daga Jamus: a huda titi a ciro dunƙule mai faɗin milimita 150, a ajiye shi a zafin digiri 20, inji ya danne shimfiɗar sama ta gefe da gudun milimita 50 a minti har ta rabu. Jamusawa na neman kiloniyuton 15 tsakanin shimfiɗar sama da ta ƙarƙashinta, wato kusan nauyin tan ɗaya da rabi. Sai dai idan shimfiɗar ta yi siranta sosai, bakin injin ba ya samun abin kamawa. Nan ne sauran biyun ke da amfani. A yanka da'ira mai faɗin milimita 100 har ta wuce mahaɗar, a manna farantin ƙarfe da gam mai ƙarfi, idan ya bushe a murɗa da sifana mai awo, kamar yadda ake yi a Ingila, ko kuma a ja shi sama a miƙe.

Lamba kaɗai ba ta isa ba, a duba inda ya karye. Idan a mahaɗa ne, fuska biyu sumul, manni ne ya gaza. Idan a cikin tsohuwar kwalta ne, ita ce ta ruɓe, tun farko bai kamata a ɗora mata komai ba. Idan gam ne ya saki, a sake gwajin. Kuma a tuna digiri 20 zafin ɗakin gwaji ne. Titin Ikorodu da rana tsaka ya fi haka nesa, kwalta kuwa laushi take yi da zafi. A ganina ya kamata mu riƙa ƙara gwaji a digiri 40.

Roƙona ga FERMA, hukumar gyaran hanyoyin tarayya, da ma'aikatar ayyuka ta jiha: a rubuta mafi ƙarancin ƙarfin manni a takardar kwangila, a ciro samfur a layin taya da tashar mota, ba inda ɗan kwangila ya nuna ba, a cike ramin a ranar, kuma kada a sa hannu a takardar biya sai sakamako ya fito.

Wani injiniyan hanya,
Agege, Legas