Kafin a tuhumi nas, a ƙirga gadajen da take dubawa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku. Duk sa'ad da aka yi kuskuren magani a asibiti, nas ake fara nuna wa yatsa. Ba mai tambayar majinyata nawa ke hannunta a daren, ko awa nawa ta yi a tsaye.

Binciken da farfesar aikin jinya Linda Aiken ta jagoranta a asibitoci 168 na jihar Fensilbaniya ta Amurka, wanda ya fito a 2002, ya nuna cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 na ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. Masu binciken fa majinyata huɗu zuwa takwas ga kowace nas suke magana a kai. A je a leƙa ɗakin yara a asibitocinmu da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke sa a kwantar da biyu a gado ɗaya.

Ga yadda abin ke faruwa. Kwalbar allurar gentamicin (maganin kashe ƙwayoyin cuta) ta manya tana ɗauke da miligiram 80 cikin mil (mililita) 2. Jariri ɗan kwana uku mai nauyin kilo 2, miligiram 6 yake bukata, wato mil 0.15. Wannan ba ya aunuwa da sirinjin mil 5, sai na mil 1, wanda sau da yawa babu shi. Idan kuma sikeli ya lalace, nauyin ma ƙiyasi ne. An ɗauke wuta, nas na karanta kati da fitilar waya, ana kiranta daga wancan gadon: ɗigon da ke tsakanin lambobi ya kauce, 0.15 ta koma 1.5, ninki goma ke nan. Ƙodar jaririn da kunnensa ke shan wahalar, kurmancin kuwa sai ya isa magana bai yi ba ake ganewa.

Haka mai jijjigar ciki da ake yi wa allurar magnesium sulphate duk bayan awa 4. Kafin kowace allura dole a ƙirga numfashinta, kada ya gaza 16 a minti, a bugi gwiwarta a ga ƙafar ta zabura, a tabbatar fitsarinta ya kai mil 30 a awa. Unguwar zomar da ke karɓar haihuwa biyu ita kaɗai, wannan dubawar ce za ta fara kuɓuce mata. Maganin ya taru a jini, numfashi ya tsaya.

Ina kira ga kwamishinonin lafiya da shugabannin asibitoci su ƙayyade yawan majinyatan kowace nas a rubuce, su hana haɗa aikin dare da na safe. A samar da sikeli, da ƙaramin sirinji, da fitila mai aiki da hasken rana, a ajiye calcium gluconate, makarin magnesium sulphate, kusa da gadon mai jijjiga. Nas ɗin da ta kai rahoton kuskurenta da kanta kuma, a zauna da ita a gano inda aka samu giɓi, don wadda ta san takardar tuhuma ke jiranta shiru za ta yi.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jinya, Kano