Labarin 'yan ƙodagonmu fa, wa zai rubuta shi?

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon ɗan fili in yi kira ga marubutanmu na Hausa a kan wani fanni da suka yi wa shakulatin ɓangaro, wato rayuwar 'yan ci-rani masu ƙodago a gonakin mutane.

'Yata ce ta tayar mini da wannan magana. Adabin Turanci take karantawa a jami'a, ta zo hutu da littafin The Grapes of Wrath na John Steinbeck, wanda ya fito a 1939. Bayan sallar isha'i ta ba mu labarinsa: fari da guguwar ƙura sun cinye gonakin Oklahoma a Amurka, banki ya tashi manoma daga ƙasar da suke nomawa, suka kwashi komatsansu suka nufi Kalifoniya saboda an raba musu takardu cewa akwai aikin tsinkar 'ya'yan itatuwa. Suna isa suka tarar an kira dubbai irinsu da gangan, domin masu neman aiki su yi yawa a karya farashin lada. Mahaifiyarta ta riƙe baki, ta ce ashe Turawa ma sun ga irin wannan.

Mahaifina, wanda ya haura shekara 80, yana kishingiɗe yana saurare. Ya ce wa jikar tasa, "Amarya, ai wannan labarina ne kike karantowa." Ya yi ƙodago a gonakin koko a Ghana yana saurayi, yana kwana a bukka a tsakiyar kurmi, ba ya ganin kuɗinsa sai an sayar da amfani. A ƙarshen 1969 gwamnatin Firaministan Ghana, Kofi Busia, ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar. Ya dawo a bayan babbar mota, ladan shekara guda yana hannun mai gona har yau. Mahaifinsa kuwa ya tafi hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira, waɗanda aka fara ba su ruwa daga madatsar Sennar a 1925.

Yarinyar nan ta yi kuka saboda mutanen Oklahoma, amma sai ran nan ta san kakanta ya sha irin wannan wuya. Wannan ya sosa mini rai ƙwarai. Kasuwarmu cike take da littattafan soyayya, ban raina su ba, amma ina littafin mai yankan shinkafa da ya baro iyalinsa? A Nuwamban 2020 an yi wa manoma fiye da 40 yankan rago a gonakin shinkafa kusa da Zabarmari a jihar Borno, cikinsu har da 'yan ƙodagon da suka taso tun daga Sakkwato. Mun ji adadinsu, ba mu ji wa suka bari a gida ba.

Ina roƙon jaridarku ta ware shafi, ko sau ɗaya a wata, ta tura wakilai su zauna da dattawan da suka yi Kurmi da Jazira tun suna raye, su kuma leƙa gonakin tumatir na Kadawa a jihar Kano su ji nawa ake biyan mata da yara a wuni. Ƙungiyoyin marubuta su ma su sa gasa a kan wannan jigo.

Na gode.

Naku,
Wani mai karatunku daga Katsina