A daina raina aikin masu sa wa katantanwar teku suna

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon fili don in amsa wa masu cewa wai ɓata lokaci ne masani ya tono ɓawon katantanwar teku da ya zama dutse, ya ce sabon nau'i ne. Wallahi ba ƙaramin aiki ba ne, domin naman ya ruɓe tun shekaru miliyoyi, ɓawon kaɗai ya rage, shi ne shaida.

Sai ya ƙirga zagayen ɓawon, ya auna tsawo da faɗi da milimita, ya duba bakin ko zagaye ne ko mai tsini, ya ga ta ina ya naɗe, don mafi yawansu dama suke naɗewa, na hagu kaɗan ne. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan ƙanƙanin tsinin nan na sama, ɓawon da ta fara yi tana jaririya, a madubin ƙara girma yake nuna ko ta yi yawo cikin ruwa tana cin abinci ko kuwa da guzurin ƙwai ta rayu.

Wahalar kuma, nau'i biyu da ba dangi ba suna iya yin ɓawo kusan iri ɗaya, shi ya sa dole ya gwada da na magabata, ya ajiye samfuri guda a gidan tarihi kowa ya zo ya duba, sannan ya raɗa suna biyu na Latin, tsarin Linnaeus, masani ɗan ƙasar Sweden, da ake bi wajen sa wa dabbobi suna tun 1758.

Don Allah ku riƙa kawo mana irin waɗannan labarai.

Mai karanta ku a kullum.