Amsa ga ɗana mai tambaya: me ya sa soja mai jirgi da igwa ke kasa gamawa da 'yan sari-ka-noƙe?

Assalamu alaikum, ɗana.

Ka miƙe cikin jama'a bayan laccar da aka yi a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, ka ce: "Malam, ga Defo nan cikin Zariya ana yaye kurata, ga Jaji a hanyar Kaduna, an sayo jiragen yaƙi, to yaya mutanen da ke kan babura cikin daji suka gagara?" Lokaci ya ƙure kafin in amsa maka, kuma na san ba kai kaɗai ke wannan tambaya ba, shi ya sa na rubuta a fili.

Ka cire a ranka cewa ragwantar sojanmu ce. Amurka ta tara soja sama da 500,000 a Biyetnam a 1968, ta rasa kimanin 58,000, ta janye a 1973. Tarayyar Sobiyat ta shiga Afghanistan a 1979, ta fita a 1989 ba ta ci ba. Amurka ta biyo baya ta yi shekara 20, ran 15 ga Agusta 2021 Taliban suka shiga Kabul. Babu ɗayansu da ya rasa makami.

An gina soja ne don ya tari soja ɗan'uwansa, mai kaki, mai bariki, mai babban birnin da in aka kama shi yaƙi ya ƙare. Ɗan sari-ka-noƙe ba shi da ko ɗaya. Halin soja a nan kamar na manomi ne da birai: shi dole ya tsare gonar duka, dare da rana, su kuwa gyangyaɗinsa ɗaya suke jira. Soja zai tsare titi, gada, makaranta, kasuwa da layin dogo; su suna zaɓar wuri guda da dare guda, kamar yadda suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ran 28 ga Maris 2022. In bataliya ta doso, sai su watse cikin dajin Kamuku ko Kuyambana, inda tankar yaƙi ba ta da hanya, balle da damina. Kakanninmu sun san wannan. Tun wajen shekarun 1840 Ningawa suka fake cikin duwatsu suna kai hari ƙasashen Kano, Bauchi da Zazzau, kuma sarakuna masu barade da lifidi suka yi shekaru hamsin ba su tumɓuke su ba, don doki ba ya hawa dutse.

Amma daji ba shi ne babban abin ba, ɗana. Babban abin shi ne baƙauye. Ka ɗauki mutum a wani ƙauyen Giwa ko Birnin Gwari. Motocin soja sun iso da hantsi, hafsa ya tsaya gindin tsamiya ya tambaye shi ta ina suke bi. Ya sani sarai. Ya san mai kai musu fetur a jarka, ya san mai sayo musu burodi da katin waya. Amma ya kuma san motocin nan za su juya kafin magariba, waɗancan kuwa za su dawo da dare, kuma cikin masu sauraro a gindin tsamiyar akwai infoma. Yana da mata da 'ya'ya, ga masara ba a girbe ba. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba." Ni ban ga laifinsa ba. Ba ƙaunarsu yake ba, su ne suka sa masa haraji kafin ya shiga gonarsa. Lissafin wanda zai kwana a garin yake yi.

Sojan da bai sami labari ba kuwa makaho ne, kuma makaho mai bam abin tsoro ne. Ran 3 ga Disamba 2023 jirgi mara matuƙi ya jefa bam kan masu Maulidi a Tudun Biri cikin Igabi, mutane da dama suka rasu, Allah ya jiƙansu. Duk kuskure irin wannan yana rufe bakin ƙauyuka goma. Faransa ta murƙushe mayaƙan birnin Aljiyas a 1957 da azabtarwa, amma abin ya juyar da zukatan mutane, a 1962 ta bar Aljeriya.

Ana iya cin su, kuma an ci. A Maiduguri a 2013, da matasan unguwanni suka fito da gora suna nuna 'yan Boko Haram gida-gida, cikin ɗan lokaci aka kore su daga birnin, abin da bindiga kaɗai ta kasa. A Malaya, cikin ƙasar Malesiya ta yau, tsakanin 1948 da 1960, Ingila ta raba mayaƙan sari-ka-noƙe da hanyar abincinsu, ta ƙarfafa 'yan sanda, ta ba ƙasar 'yanci a 1957, sai dalilin yaƙin ya mutu. Shekara 12 aka yi, kuma an tilasta wa ɗimbin mutane barin gidajensu, wanda ba abin koyi ba ne.

Shiga daji ma ba baƙon abu ba ne ga sojanmu. Barikin Chindit da kake wucewa a nan Zariya sunan rundunar da ta kutsa bayan layin Japan a dajin ƙasar Bama (Burma) a 1944 ne, kuma da 'yan Nijeriya a cikinta. Abin da ke damuna shi ne ranar da soja ya ƙwato gari ya wuce gaba. In ka sami zama da ɗan majalisarku, ka tambaye shi 'yan sanda nawa za su kwana a garin, yaushe alƙali zai zauna kan rikicin gona da burtali, kuma wa zai kare mutumin da ya yi magana a gindin tsamiya.

Allah ya kiyaye sojojinmu da talakawanmu.

Wassalam,
Malaminka, daga Tudun Wada, Zariya.