Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Filin Bola Da Hanyar Unguwarmu

Daga mazauna unguwa, maza da mata,
Ta hannun Mai Unguwa da Dagaci,
Zuwa ga Mai Girma Hakimi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ban girma da biyayya, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, fili guda ne ya kawo mu gabanka. Shi ne wanda ke bayan makarantar firamare, dab da kwalbati, wanda yara da manya ke kira bola. A 'yan makonnin nan mun ga baƙin fuska suna zagaya shi da igiyar awo, sai kuma muka wayi gari da turaku a kusurwoyinsa. Duk faɗin unguwar nan babu sauran wani fili na jama'a sai shi. Roƙonmu na farko, wanda sauran duk suka rataya a kansa, shi ne a dakatar da yanka shi fulotai.

Wani zai ce ai juji ne, gara ma a gine shi a huta da wari. Mu da muke kwana muna tashi da warin mun fi kowa son a huta. Amma ranar da aka gine shi, sharar ba za ta daina fita daga gidaje ba. Kwata za ta koma, ko gindin katangar makaranta, ko a ba almajiri naira hamsin ya je ya zubar inda ido bai kai ba.

Dattawan da suka sa hannu a takardar nan sun san wurin nan tun yana gonakin gero da dawa, tun ana cewa mutum ya tafi birni idan ya nufi Kurmi. A wancan zamani sharar Kano dukiya ce. Da rani ya tsaya, manoma ke shiga gari da jakuna da mangala, su kwaso toka da kashin awaki da sharar tsakar gida, su jibge tsibi-tsibi a gona kafin ruwa ya sauka. Da wannan taki aka yi ta noma gonakin kewayen birni shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Har sayen juji ake yi, mai gida ya karɓi 'yan kuɗinsa ko a kawo masa dami bayan kaka. Abin da ya kashe wannan ciniki leda ce. Yanzu idan manomi ya sayi tifa guda ta shara, sai ya ɗauki yara su yini suna tsince ledar ruwa da baƙar leda da kunzugun jarirai da fasassun kwalabe, ga tsoffin batura. Da yawa sun haƙura, sun koma jiran takin zamani da kuɗinsa ya fi ƙarfinsu. Shara ta rasa mai ɗauka, manomi ya rasa taki, alhali tsakaninsu bai fi tafiyar jaki ba.

Da sallar layya da ta wuce, wani maƙwabcinmu ya yanka ragon da ya yi wata huɗu yana kiwo. Tun kafin sallah ragon ke ramewa, ga ciki kamar ganga, an yi ta ɗura masa magani. Da mahauci ya farke tumbin, sai ga dunƙulen leda ya murɗe kamar igiya, ya kusa cika ƙaramin bokiti. Mahaucin ko a jikinsa, ya ce shi ya saba gani. Kowace magariba kuma sai wani ya cinna wa bolar wuta, hayaƙin roba ya shige ɗakuna, masu asma da jarirai su kwana tari. Idan damina ta yi nisa, ledar da ba ta ƙone ba ta toshe kwalbati, ruwa ya juyo cikin gidaje. Akwai baiwar Allah a layin masallaci da ta kwana tsaye da goyo a baya, tana kwarfe ruwa da kwano har asuba, katifa da buhun masara duk sun jiƙe.

Ba mu kaɗai ba ne, ranka ya daɗe. Kududdufan cikin birni da ke shanye ruwan sama an cike yawancinsu da shara an yi gini a kai. Kowa ya ga abin da ruwa ya yi wa Kantin Kwari a watan Agustan 2022, yadda atamfofi da shaddoji suka yi iyo a cikin shaguna. Idan babbar kasuwa irin wannan ba ta tsira ba, ina ga gidan ƙasa a bakin gari?

Abin da muke so a yi da filin ba sabon abu ba ne, gyara ne ga abin da ake yi yanzu a hargitse. 'Yan bola-jari suna nan kullum da buhunansu da maganaɗisu a bakin sanda. Ƙarfe da alminiyom da tagulla ba sa kwana a juji, domin akwai masu saye a kan sikeli, daga nan wani ya nufi kasuwar Ƙofar Ruwa, wani ya koma hannun masu zuba tukwane. Fasasshen bokiti da tsohon silifas da jarka su ma suna da kasuwa, ana niƙa su a sake narkawa a masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, su dawo mana a matsayin buta da baho. Muna roƙon a kewaye filin, a yi masa ƙofa, a raba shi: gefe na roba da leda da ƙarfe, gefe na ramukan taki inda toka da ɓawon kayan miya da kashin dabbobi za su ruɓe, manoman ƙauyukan da ke ƙarƙashinka su zo su saya da tsabtarsa. Mun san ana kuka da wasu 'yan gwangwan kan ɗauke murfin kwata da wayar wuta da tukunyar da aka bari a waje, kuma kukan gaskiya ne. Shi ya sa muke so Mai Unguwa ya rubuta sunan duk wanda zai yi aiki a wurin, da wanda ya tsaya masa, a san shi a san ubangidansa. Wanda aka sani da suna ba ya shiga lungu da tsakar dare.

Ba mu roƙi a hana leda ba. Mun ji Ruwanda ta hana tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, amma wannan doka ce ta gwamnati, ba ta hannun Hakimi ba, kuma gidaje da yawa a nan da tallan ruwan leda suke cin tuwo. Mu dai a raba ta da taki tun daga tsakar gida, shi ne abin da muke iyawa.

Sai maganar hanya. Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, adaidaita sahu ta zama ƙafar talaka. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, sai ga kekuna sun fito daga inda aka jingine su shekaru. Malaman makaranta, leburori, ɗalibai, har da wani dattijo mai sayar da turare da ya ce rabonsa da keke tun yana saurayi, duk sun koma taka feda, wasu kuma a ƙasa suke tafiya. Keke ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, kuma ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba gangare. Matsalar ita ce babu inda mai keke zai bi. Masu shaguna sun turo rumfuna har bakin kwalta, masu gini sun zube yashi da bulo a gefen hanya, adaidaita na tsayawa duk inda aka ɗaga mata hannu. Yaro ɗan firamare sai ya sauka tsakiyar titi yana goga kafaɗa da tifa. Darbejiyoyin da ke yi wa hanyar inuwa an sare su ɗaya bayan ɗaya don a kafa kwantena, ga zafin Afrilu da ke sa kwalta ta yi laushi.

A nan muna roƙon ka umarci masu unguwanni su zauna da masu shaguna a ja rumfuna baya, a bar taku uku ko huɗu na masu ƙafa da keke. A ware wa 'yan adaidaita tasha a bakin filin ta wajen titi, su daina cunkushe bakin kwalbati. Tun da gwamnatin tarayya ta fito da shirin mayar da ababen hawa su koma amfani da iskar gas, kuma an fara ganin ababen hawa masu aiki da lantarki a gari, muna so ka isar da sunan unguwarmu ga hukuma idan rabon ya zo, domin direbobinmu da yawa haya suke biya kullum, rabin cinikinsu a gidan mai yake ƙarewa.

Ba mu zo hannu rabbana ba. Mun amince kowane gida ya ajiye buhu biyu, ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na leda da roba. Limamanmu sun yi alkawarin yin magana a kai bayan salla. Matasa za su fito aikin gayya ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsabtar muhalli, su yashe kwata tun kafin ruwan farko. Matan unguwa sun ce za su ɗauki nauyin ban ruwan duk bishiyar da aka dasa a ƙofar gidansu har ta kama. Kuɗin bulo na katanga kuma mun fara karo-karo, yana hannun Ma'ajin masallaci. Abin da ba mu da iko a kai shi ne ƙasar kanta, da takardar da za ta tabbatar da cewa ta jama'a ce. Wannan sai da bakinka, da sa hannun ƙaramar hukuma da masu kula da tsarin gari.

Muna roƙon, in Allah ya ba ka dama, ka taka da kanka ko ka turo wakili ya ga wurin, zai fi kyau da yamma lokacin da ake cinna wutar. Kafin nan, a sa a cire turakun.

Allah ya taimaki Hakimi, ya ja zamanin Sarki.

Mu ne masu biyayya gare ka,
Dattawa, limamai, mata da matasan unguwa.
Sunaye da sa hannu da dangwalen yatsa suna cikin takardun da ke haɗe.