Yayana na shirin sayar da gidan mahaifinmu ba da sanina ba

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari.

Jiya wani maƙwabci ya kira ni, ya ce ya ga Yayana da dillali suna zagaya gidan mahaifinmu, har da awo. Ko runtsawa ban yi ba.

Gidan nan tun rasuwar Baba ba kowa a ciki, ya zama kango. Kwano ya yi tsatsa, ruwa na zuba har silin ɗin falo ya rufto, gara ta cinye katakon rufi. Ɓarayi sun zare wayoyin wuta, sun ɓalle kawunan famfo, tagogi ma ba su bari ba. To, wa ke riƙe da makulli duk tsawon lokacin nan? Shi ne. Tun yoyon bai taka kara ya karya ba na ce a sauya fallayen da suka huje, ya ce babu kuɗi. Yanzu kuma lalacewar nan ce hujjarsa.

Da na kira shi, wai dillalin ya ce ba gini za a saya ba, fili ne, don haka sai an cire kuɗin rushewa da na kwashe ɓaraguzai. Malam, dillali la'adarsa yake nema, gara masa a sayar yau ko a wulaƙance. Ni da kuɗina na taɓa kai magini, ya ce tsagewar bangon iyakarta filasta, harsashin ginin lafiya lau yake. Mai sayen ma an ce abokin Yaya ne.

Ba kwaɗayi ke damuna ba, Allah ne shaida. Ni na yi jinyar Baba a cikin gidan nan, lokacin shi sai dai ya leƙo ya tafi. Af, takardun gidan har yau da sunan Baba suke, kuma suna hannunsa.

Na so a gyara rufi a shafa fenti kafin a sa shi kasuwa, maigidana ya ce kuɗin gyara ba ya dawowa duka a ciniki. Wanne ya fi? Amma tukuna, Yayana zai iya sayarwa ba tare da na sa hannu ba? Na ce a kawo masanin da zai ƙiyasta darajar gidan, ya ce ashe ɓarawo na ɗauke shi, ya kashe waya. Yaya zan yi masa magana yanzu?

Ƙanwarka, mai sauraronka kullum.